Amma Mai Kwat

Shekara ashirin da shida
ina tsaye gaban allo a Aliero,
alli a yatsa, warin albasa na shigowa ta taga
duk ranar da manyan motoci suka yi lodi.

Abin da na fi koyarwa shi ne juyi:
yadda jimlar Turanci ke nufar gabas,
ta tsaya cak, ta gyara wuyan riga,
ta koma yamma ba tare da tuntuɓe ba.

Nakan ce wa yara: ƙaramar amma ta Turawa,
mai harafi uku,
ta kasuwa ce, ta bakin rijiya.
In hukuma za ku rubuta wa, ku nemo yayyenta
masu dogon suna, masu kwat da lakataye.
Wannan ba ta fita sai da waƙafi a bayanta kamar ɗan rakiya.
Waccan ba ta zama sai a goshin layi.
Wata kuwa sai ta miƙa maka gaskiyarka da dama
kafin ta karɓe ta da hagu.

Hakilu ɗan Nomau, mai zama can baya,
ya taɓa ɗaga hannu:
Malam, to duk ba amma ba ce?
Na kore shi waje.
Ya sha rana har aka kaɗa ƙararrawar tashi.

Talatar da ta wuce wasiƙa ta zo daga Birnin Kebbi
kan kuɗin sallamata.
Sakin layi na farko zuma ne,
an yaba da hidimata, an lura da haƙurina.
Na biyu ya buɗe da ita,
babbar yayar nan da na fi so,
harafi goma sha biyu, waƙafinta a mazauninsa.
Da jan biro na hannuna, da na ba da tara cikin goma.
Wa ya sani, ƙila ɗalibina ne ya buga ta.
Abin da ya biyo bayan waƙafin:
fayil bai cika ba, a dawo baɗi.

Na kai wa Inna Tumba, tana tsinke shinkafa a faifai.
Ba ta taɓa riƙe alli ba.
Me suka ce?
Sun ce na yi aiki, Inna, sun gode.
Ba ta ɗago kai ba.
Ta jefar da tsakuwa ɗaya, ta ce: To, amma?

Da la'asar na bi ta kasuwa,
ba don saye ba, don kada in zauna gida.
Wani ƙato ya sauko daga kan buhuna,
waya biyu a hannu, gemu ya fara furfura.
Hakilu ne. Ya durƙusa har ƙasa.
Na tambayi kuɗin kwano, don dai in ce wani abu.

Malam, albasa ta yi tsada bana,
amma ba ni karɓar kuɗinka.

Ba waƙafi, ba kwat,
a ƙasa take tafiya, ba ko takalmi.
Yaronsa ya ɗaura rabin buhu a bayan kekena,
igiyar ta yi gajarta, muka ƙara da roba.

Har gida ina turawa,
wasiƙar na ninke a aljihun gaba,
idona na ruwa.
Albasar bana akwai yaji.