Kuɗin Riɗin Ilu

Ilu, ka sayar da riɗi a Maigatari ran Alhamis,
ga ka gindin darbejiya kana latsa waya,
wai hannun jari za ka saya.
To, matso.

Kuɗin taki ba na wannan kasuwa ba ne,
balle na maganin Inna.
Abin da ya saura bayan rumbu ya cika,
shi ake kaiwa.

Ni da kamfanin siminti na fara,
don na ga buhunsa bisa amalanke har ƙofar gidanmu.
Wanda ban san hajarsa ba,
ko da kirari aka kawo shi, wucewa nake.

Shekarar da farashi ya faɗi na firgita,
na sayar kamar mai tsere wa gobara.
Wata huɗu ya miƙe,
ya bar ni da cizon yatsa.

Kada ka jibge duka wuri ɗaya,
ko gonarka gero da wake ka haɗa.
Nemi dillali mai rajista, ka ji la'adarsa tukuna.
Mai cewa zai ninka maka kafin kaka,
dafe aljihu, ka ce masa sai an jima.

In ka shuka, Ilu,
bar tone ramin kullum
don ganin ko ya tsiro.