Haruffa Huɗu

Daren Laraba a Kumo, an ɗauke wuta,
janareton Bappayo kaɗai ke tari.
Ƙungiyar 'yan hatsi ta ba ni aiki:
in koya wa na'ura tono magana
cikin saƙonnin shekara tara.

Ta tambaye ni, kalma sai ta kai nawa
kafin in ba ta wurin zama?
Na ce haruffa huɗu, don barci nake ji.
Dawa ta shiga, gero da wake,
bashi ma ya shiga har da takalminsa.

Da safe ga Hajja Dudu
tana neman saƙon marigayi ɗanta.
Kalma ɗaya tak ta riƙe: uwa.
Na buga. Wayam.
Ashe na share uwa, na share rai,
ido da ɗa duk sun bi bola.

Na mai da huɗu biyu,
na sa a sake jera komai daga tushe,
na ja mata kunne kan ƙugiya:
kasa daban, ƙasa daban.

Dab da la'asar ya fito, layi ɗaya:
ku auna wa uwa tiyarta kafin ta kowa.
Hajja ta gyara zama.
Ta ce in sake karantawa.