Sunaye Goma

A Bur Sudan, hawa na biyu, saman shagon mai ful,
fanka tana juya zafi kamar mai tuƙa tuwo.
Na buɗe manhajar da nake motsa zane da ita,
ta shimfiɗo mini jerin abin da na taɓa a baya.
Sunaye goma. Ta riƙe su kamar mai bin bashi.

Na farko raƙumin tallar ganyen shayi ne, aikin jiya.
Na biyu ma shi ne, bayan na gyara masa wuya.
Sauran takwas kuwa
duk hanyar Umdurman suke nunawa,
zuwa wata baƙar ma'ajiya da muka bari kan tebur
ran da muka fito ba mu ko kashe fitila ba.
In hannuna ya goce na danna ɗaya,
sai ta ce ba a samu ba.
Na sani. Ba sai an faɗa mini kullum safiya ba.

A fuskarta babu maɓallin mantuwa.
Mudassir Badawi ne ya nuna mini ƙofar baya,
ɗan farin fili inda ake rubuta mata umarni.
Ya ce, Intisar, kada ki roƙe ta, ba ta jin roƙo.
Kira jerin da sunansa, ki faɗi lamba,
ki rufe baka, ki sa waƙafi a inda yake.
Kuma ki tuna, daga sifili take fara ƙirga.
Yana faɗa yana hura jabana, citta har idona.

To, na rubuta.
Bakwai zan cire, in bar ɗaya:
yarinya mai jan akuya a gaɓar Nilu,
wadda ya yi sati uku yana koya wa ƙafarta tafiya.
Cire biyu, cire uku, cire huɗu.
Na aika.

Ashe jeri sahun salla ne.
In wani ya fita sabunta alwala
na baya yake matsowa ya cike gurbi.
Duk wanda na cire, lambobi sun gusa,
na ƙyale waɗanda na nufa,
na share wadda na ce a bari.
Akuyar ta tafi, yarinyar ta bi ta.

Na zauna, hannu kan linzami.
Suna ne fa kawai, ba zanen ba.
Zanen ya daɗe da fita hannuna,
shi ma mai zanen, tun saƙon muryarsa daga Kosti
wata tara ke nan wayarsa ba ta shiga.
Amma sai na ji maƙogwaro ya bushe.

Sai aka ɗauke wuta.

A ƙasa mai ful ya ja tsaki ya ja janareto,
sau huɗu kafin ya kama.
Na kunna. Ga su nan, goma cif.
Ita manhajar ba ta rubuta abin da ta riƙe
sai an yi mata sallama an rufe ta a natse.
Wanda aka fizge bai yi ban kwana ba,
ba ta ɗauka ya tafi.

Wannan karon daga ƙasa na faro,
tara, takwas, bakwai, na tsallake shida,
ina hawa kamar mai tsinkar kuɓewa,
kowa na tsaye a lambarsa har na iso shi.
Na adana da hannuna, ban jira ta ba.

Yanzu sunaye uku ne.
Raƙumi, raƙumi, yarinya da akuya.
Gobe mai shayi yana son a ƙara wa raƙumin murmushi,
jibi wani aiki zai shigo ya tura ta ƙasa,
don sabo kullum a sama yake zama.
Na ƙara layi biyu a ƙarshen umarnin:
duk sanda aka buɗe, a duba ko tana nan,
in ba ta nan, a mayar da ita.

Daga tashar jirgi wani ƙaho ya yi kuka.
Na koma kan leɓen raƙumi.