Laraba, Rabin Kuɗi

Ni ba masani ba ne, ku ji tun da fari.
Eusebio nake, mai jan taragon dutse a Valparaíso,
sau sittin a yini in hau da mutane, in sauko da su,
igiyar ƙarfe na kuka, ina ba ta mai.
Laraba ce tawa, tikiti rabin kuɗi,
kujera ta tara, layin baya, dab da ƙofa,
don mafitsarar ɗan sittin ba ta san darajar fim ba.

Na faɗa? Ina so, ban ɓoye ba.
Jarumi ya faɗo daga hawa na bakwai,
ya miƙe, ya kakkaɓe kafaɗa, ya gyara kwala.
Ni da na zame daga tsani mai taki uku
wata biyu na yi ina kiran sunan uwata.
Harsashi ɗari ya biyo shi, duk suka ba shi hanya,
nasa guda ɗaya kuwa ya san gidan kowa.
Mai lemun nan ne dai ke hana ni sukuni:
kullum sai mota ta bi ta kan teburinsa,
lemu ya watse a titi, zaure ya ɗau tafi,
ba wanda ya dawo ya ce masa sannu.
Wa zai biya shi? Na tambayi Anselmo mai yagar tikiti,
ya ce, "Ci guggurunka, tsoho, bar mu mu gani."

Na barkwanci sai da abokin zama.
Da Fresia na da rai, ita ke farawa
tun mutumin bai taka ɓawon ayaba ba,
ta doke ni a cinya, hawaye shaɓe-shaɓe,
ni kuwa ita nake kallo, ba majigi ba.
Shekara huɗu ke nan.
Yanzu in ango ya faɗa cikin kek, kowa ya kece,
tawa dariyar takan leƙo, ta dubi hagu,
ta ga kujera, ta koma ciki.

Sai ga Ignacia, 'yar maƙwabcina,
ta sayar da babur, ta ci bashin kawunta,
ta haɗa fim, ba kamfani, ba tauraro.
Mu sha ɗaya ne a zauren, har da mai shara.
Wata tsohuwa na feraye dankali.
Na dubi agogo, minti tara, tana nan tana fira.
Ba kiɗa, ba bindiga, ko kare bai yi haushi ba.
Na yi gyangyaɗi, ƙarya ba ta da amfani,
na farka tukunya ta tafasa, an kunna fitila.
Ta tare ni a ƙofa, ido fal da tambaya,
na ce, "'Yata, dankalin ya fito sosai."

Da dare ina hawan matakala zuwa gida,
ɗari da ashirin, gwiwa ta san lissafi,
sai hannun tsohuwar ya dawo mini:
yadda take jan wuƙa zuwa babban yatsa,
ɓawon bai tsinke ba har ya taɓa ƙasa.
Haka Fresia take yi.
Na zauna kan mataki na saba'in,
jiragen ruwa na gunji can ƙasa a tasha,
har sanyin teku ya ce in tashi.

Jarumai nawa suka ceci duniya a gabana?
Kafin in kai bakin titi sunansu ya ɓace.
Wannan kuwa ya biyo ni gida ba sallama,
kwana shida yana zaune a kicin.

Kada dai Ignacia ta ji,
Laraba mai zuwa akwai wanda jirgin ƙasa ke cin wuta.
Na ce wa Anselmo ya riƙe mini ta tara.
Zan je in gani
ko wannan karon za a biya mai lemu.