Zoben Ƙarfe

Mun bar Tarudant asuba ba ta gama wanke ido ba,
ni a sitiyari, Baba Mubarak a gefena,
Itto a baya, ta rungume butar shayi kamar jinjira.
Motar ta tsufa, tana tari a kowane hawa,
muna lallashinta da ruwa da addu'a.

A hanya awaki sun ɗare bishiyar argan,
sun tsaya a kan rassa suna kallon masu wucewa.
Itto ta ce a tsaya hoto.
Baba ya ce, "Akuya ce fa. Yau kika fara ganin akuya?"

Bayan Agadir iska ta sauya ɗanɗano.
Ya sauke gilashi, ya shaƙa, ya ce, "Mun iso,"
alhali tsauni bai kauce mana ba tukuna.
Yana ta rufe masa ido shekara bakwai,
amma hanci ba ya mantuwa.

Shekara talatin da huɗu rabonsa da gaɓar nan.
Ya bar bukka goma sha ɗaya,
kwale-kwale masu shuɗin fenti,
da wani kare da ba na kowa ba.
Muka tarar da otal fari fat, hawa shida,
da tafkin wanka dab da teku,
kamar mai kai wa kogi gudummawa a buta.
Laima bayan laima, gadon shan rana dirhami ɗari,
baƙi sun shanya bayansu, ja kamar barkono a rufin ɗaki.
Samari na gudu da alluna a hammata
su je su hau igiyar ruwan da ta cinye ƙanensa.

"Me kake gani?" in ji Baba.
Na ce, "Gini."
Ya ce, "Na ji. Ya tare iska."

Mai gadi ya ɗaga hannu: na masu ɗaki ne kawai.
Baba ya karkata kai, ya ce, "Sake faɗa."
Yaron ya sake.
"Wannan dusasshiyar murya ta gidan Lahsan ce."
Yaron ya dubi hagu, ya dubi dama,
ya ce, "Kakana ne,"
ya bi da mu ta bayan kicin,
tsakanin tukwanen gas da kwandunan bawon lemo.

Ruwa ya janye.
Baba ya tuɓe takalma, ya miƙa wa Itto,
ya dafa baƙin dutse, ya fara ƙirga taku.
Tara. Goma. Ya koma baya, ya ce ƙafarsa ta gajarta.
Ya durƙusa yana lalube cikin gansakuka,
ni ina jin kunyar idon mutane,
har yatsansa ya shige wani abu.

Zoben ƙarfe, tsatsa ta ci rabinsa,
a nan yake ɗaure jirginsa.
Ya ja shi sau ɗaya. Bai motsa ba.
Wata 'yar baƙi mai bokitin roba ta tsaya tana kallo,
ya yi mata bayani da yarenmu, dalla-dalla,
har da sunan jirgin, har da kuɗin igiya,
ita kuwa tana gyaɗa kai kamar ta biya rabi.

Da la'asar muka ci gasasshen sardin a bakin titi,
Itto ta zuba shayi daga sama, ya yi kumfa.
Tafin Baba ja da tsatsa, ya goge a jikin burodi bai sani ba.
Ya ce kifin jiya ne, an cuce mu.
Ya cinye shida.

A hanyar komawa na ɗauka barci yake.
Sai da fitilun Agadir suka dushe a madubi
ya ce, ido a rufe,
"In za mu dawo, mu zo ranar sha huɗu ga wata.
Ruwan ya fi janyewa.
Akwai wani zoben a ƙasa, na Lahsan."