Ji Ya Kori Gani

Fam ɗari da saba'in, har da tsaba.
Sau uku na ƙirga su a kan teburin kicin
ko za su haihu. Ba su haihu ba.
Wata bakwai ina ƙarin awa
a ɗakin wankin asibiti, nan Sheffield,
ina ninke zannuwan da ban san masu su ba,
don Ramlatu ta sarara wa tukwanena.
Ta lotsa murfi biyu.
Ta karya muciyar da uwarta ta ɗauko tun daga Gusau.

Ran Asabar, cikin yayyafin garin nan
mai jiƙa mutum a ɓoye,
muka shiga kantin kayan kiɗa.
Ga wasu ja wur, suna ƙyalli kamar motar ango.
Na juya takardar farashi,
na mayar da ita a hankali kamar ƙwai.
Ga masu lantarki, na roba,
a kunnenka kaɗai suke tsawa,
maƙwabci ba zai san ana yi ba.
Su ma kuɗin haya ne na wata guda.
Can lungu ga masu araha,
Ramlatu ta ɗan taɓa ɗaya da sanda,
ta ce, Baba, wannan ai kwanon sha ne.
Na ce iya kuɗinka iya shagalinka.
Ta yi shiru. Shirun ya fi kiɗan ciwo.

Mai kantin ne ya rubuta mana adireshi
a bayan tsohon rasit:
Walkley, saman tudu, a nemi Mista Holroyd.

Garejinsa warin fenti da raɓa.
Ya yaye bargo, ga su nan a tsugune,
launin shayin da ya kwana,
tsatsa ta ci ƙafafun,
faifan tagulla ɗaya ya tsage a baki
kamar leɓen hunturu,
kujerar an ɗaure ta da salatif.
Na ja hannun 'yata, mu tafi.
Tsohon ya ce a bar yarinya ta zauna.

Ta taka feda.
Wallahi a cikina na ji shi,
ƙasan haƙarƙari, inda yunwa ke zama.
Gwangwanayen kusa suka amsa daga kanta.
Ta sake takawa, ta zagaya da sanduna,
sai na ga hannun tsohon, mai karkarwa,
ya daina karkarwa a kan gwiwarsa,
yana bin ta.
An ce gani ya kori ji.
Wanda ya faɗa bai taɓa sayen ganga ba.

Ya ce ɗari biyu.
Na ce ɗari da hamsin, na shirya ciniki irin na gida,
na gyara tsayuwa, zan fara kushe.
Ya ce shekara talatin da ɗaya ya kaɗa su,
bikin aure, gidan rawa, jana'izar abokai biyu,
ya karɓi ɗari da sittin,
goman a sayi sabuwar fata ga ƙaramar,
kuma kada a ajiye su kusa da hita.
Kunya ta hana ni kushen.

Sawu uku muka yi a bas.
Babbar ta zauna wurin keken jarirai,
direba na kallonmu ta madubi,
Ramlatu ta rungume faifan da ya tsage
kamar za a ƙwace.

Yanzu mun cusa mata filo biyu a ciki
da tsohuwar rigar sanyina,
mun yi alkawari da Misis Brannigan ta ƙasa:
biyar zuwa shida, ban da Lahadi.
Jiya shida ta gota da minti huɗu,
sai ga bugun sandar tsintsiya daga ƙasa.
Na miƙe zan tsawatar.
Ramlatu ta ce, Baba, tsaya ka ji,
ai ba ta kuskure ko ɗaya ba.