Baƙin Dillali

Shekara talatin da ɗaya ina faci a mahaɗar Jega,
inda hanyar Yauri ke gaisawa da ta Sakkwato.
Da kunne nake sanin ciwon taya kafin hannu:
wadda ƙusa ta sara, wadda kwalta ta lashe,
wadda aka yi wa lodin albasa har ta yi kuka.
In ta mutu, bayan rumfata ne maƙabartar taya.

Can suke jibge, baki buɗe.
Damina ta cika su, sauro ya tare ya yi zuri'a.
Mahauta kan ja biyu su babbake ƙafar sa,
hayaƙi ya tsaya a kanmu kamar mai bin bashi,
Tumba mai awara ta yi tari har ta zauna.
Ni dai in sunkuyar da kai, don abin da kunya.

Wata Laraba sai ga Luba, ta wajen ƙanena Nomau,
mai karatun sinadarai a Aliero.
"Baffa, sayar mini guda shida."
Na ce, "Takalmi za ki yanka, ko guga?"
Ta ce a'a.
Na ce, "Ɗauka, ba a ciniki da ɗiya."

Sai bayan girbi ta dawo
da kwalbar da ba ta kai ta turare ba,
baƙin gari a ciki kamar kwalli.
"Ga tayarka."
Yarona Arzika ya saki famfo don dariya.

Ta ce sun datse ta, sun zare waya,
sun kulle ta a tanderu, sun hana ta iska,
wai zafin da ba ya numfashi ba ya cinye abu.
Mai ya tsatso, aka tare. Saura gawayi.
Suka yi masa wankan asid, suka sake gasawa,
har ya huhhuje fiye da gidan gara,
ƙofofin da ido bai isa ya gani ba.
Cokali guda, in an shimfiɗa ɗakunansa,
ya rufe rumfata da ta Tumba har bakin rijiya.

"Ka san ruwan nan mai sanyi
da ake goga maka kafin allura?
Itanol ke nan, daga rake ko rogo.
In tururinsa ya ratsa garin nan da zafi,
da suna ɗaya zai shiga, da wani zai fito,
ya zama abin yin fenti, leda, magani,
wata rana har robar sabuwar taya."

Na ce, "Shi gawayin fa, nawa ke ƙarewa?"
"Yana nan yadda yake."
Na tafa hannu. Ashe dillali ne!
Irin na kasuwar shanu, ya haɗa wannan da wancan,
bai saya ba, bai sayar ba, ciniki ya faɗa,
sai dai shi wannan ko la'ada ba a biya.

Ba ta ɓoye mini ba:
sau huɗu wuta ta ɗauke, tanderu ya huce,
tayoyi biyar sun tafi a banza.
Dillalin ma yakan gaji, ƙofofinsa su toshe,
kuma daga kwalba zuwa masana'anta
akwai sauran tafiya.

Da ta hau mota na zagaya baya.
Ɗari biyu da sha huɗu, ban taɓa ƙirga su ba.
Ni da Arzika muka zubar da ruwan cikinsu,
muka jera su, muka ja tsohon tamfol a kai.
Da la'asar Sarkin Fawa ya aiko a ba shi biyu.
Na ce a gaya masa
kayan suna da mai su, tana hanya.